Tagar Kwana a Sababbin Gidajen Tirwun



Duk wanda ya fita daga cikin garin Bauchi ya kama hanyar Maiduguri, ya ratsa Tirwun a 'yan shekarun nan, ba sai an gaya masa gari yana cin gona ba. Ko'ina ka waiga tarin yashi ne da bulo, ga rodi tsaye a kan harsashi yana jiran kankare, ga gidan da ya kai linta ya tsaya yana jiran albashin maigida ko kuɗin amfanin gona. A cikin waɗannan sababbin gine-gine akwai wani yayi da ya fara shigowa, wato tagar kwana, wadda ake buɗewa daidai inda bango biyu suka haɗu, gilashi ya taho ta wannan gefe, ya karya kwana, ya ci gaba ta wancan. Yawanci daga waya ake ɗauko ta. Mutum ya ga hoton wani gida na Abuja ko na Dubai, ya miƙa wa birkila wayar, ya ce, "Malam, irin wannan nake so a falo." Birkila kuwa ba ya son aiki ya kuɓuce masa, sai ya ce, "Alhaji, kada ka damu, mun saba."

To, akwai abin damuwa, kuma a kansa nake son mu yi magana yau.

Tagar tana da kyau, ba na musun haka. Ɗakin da ke da ita yakan yi haske, ya yi kamar ya fi girmansa, wanda ke zaune a ciki kuma yana ganin waje ta fuska biyu. A gari irin Bauchi mai duwatsu, wanda filinsa ke kan tudu yana da abin kallo. Inda nake ja shi ne a ɗauke ta kamar fenti ko tayil, abin da za a yanke shawararsa ana tsaye a bakin gini. Tagar kwana ta shafi ƙashin gida. Tun a takarda ake yanke maganarta, kafin a haƙa harsashi.

Ya kamata mu san inda abin ya samo asali. A ƙasar Jamus, a garin Alfeld, akwai masana'antar Fagus da Walter Gropius da Adolf Meyer suka zana, aka fara ginin ta a 1911, kuma abin da ya fitar da sunanta shi ne kusurwoyinta na gilashi marasa ginshiƙi. A 1924 Gerrit Rietveld ya yi wa wata mata gida a birnin Utrecht na ƙasar Holan, da tagar da in an buɗe ta kwanar ɗakin take ɓacewa gaba ɗaya. A Amurka kuma Frank Lloyd Wright ya zana gidan da ake kira Fallingwater a 1935, shi ma da irin waɗannan tagogi. Waɗannan mutane suna nuna wa duniya ne cewa da ƙarfe da kankare mai rodi an sami hanyar ɗauke nauyin gini daga kan kusurwa a mayar da shi wani wuri. Sun lissafa inda nauyin zai koma kafin su cire ginshiƙin. Sannan ƙasashensu na sanyi ne, rana abin nema ce a wurinsu, in ta shigo ɗaki murna suke yi. Mu kuwa a Bauchi, a watan Maris da Afrilu, zafi yakan haura digiri 37, wani lokaci ya taɓa 40. Wanda ya kwaso hoton ya bar lissafin, ya kuma manta da bambancin rana, ya kwaso rabin abu.

Magina na dā a ƙasar nan ba su wasa da kusurwa. Wanda ya taɓa zuwa Kafin Madaki ya ga ginin da ake jingina wa Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya yi masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zai ga yadda bango yake da kauri daga ƙasa, yana siranta yana hawa, kwana a cike take tam, taga kuwa 'yar ƙarama can sama. Tun 1956 aka sa wannan gini cikin kayan tarihin ƙasa. Ba cewa nake a koma tubali da azara ba. Dalilin da ya sa suka yi haka shi nake so a riƙe, domin bai canza ba don an koma bulo da siminti: a kwana ne bango biyu suke riƙe juna.

A gidan bulo irin wanda muke yi, kwana tana aiki uku a lokaci guda. Nan ne bulon wannan bango yake shiga cikin na wancan, sahu bayan sahu, su sarƙe. Nan ake tsayar da fila mai rodi huɗu da ke sauke nauyin sama zuwa harsashi. Nan kuma linta mai zagaye gida take karya kwana ta ɗaure bangwayen wuri guda. Ranar da ka ce a buɗe taga a nan, ka cire sarƙewar bulo daga gindin taga zuwa linta. Saura tambaya ɗaya: filar za ta tsaya, ko ita ma za ta tafi?

In za ta tsaya, magana ta zo da sauƙi. Taga biyu ne kawai suka matso suka sa fila a tsakiya. Ana iya barin filar kankare mai inci 9, ana kuma iya sa bututun ƙarfe mai kauri wanda injiniya ya zaɓi girmansa, a yi masa faranti sama da ƙasa, a kafa shi a kan filar da ta taso daga harsashi, ya tokare linta. In an yi masa fenti kalar firam ɗin taga, mai wucewa ba zai ma lura da shi ba. Ni dai a ganina, wannan ita ce hanyar da ta dace da mafi yawan masu gini a Tirwun. Za ka sami hasken, ka sami kallon, gidanka kuma yana tsaye a kan ƙafarsa.

In kuwa ka dage sai gilashi ya haɗu da gilashi ba komai a tsakani, to lintar da ke saman tagar ta tashi daga linta irin wadda birkila ya saba. Linta ta yau da kullum tana kwance a kan bulo dama da hagu, nauyi yana danna tsakiyarta, ƙasanta ne yake son tsagewa, shi ya sa ake sa babban rodi a ƙasa. Lintar kwana kuwa gefe ɗaya kaɗai take da madogara, bakinta yana reto a iska. Ka miƙe hannunka riƙe da bokitin ruwa, ka ji inda yake ja: saman kafaɗa ne. Haka wannan linta take, samanta ne yake ɗaukar ja, don haka babban rodi a sama ake sa shi. Wanda ya ɗaura mata rodi yadda ya saba, manya a ƙasa ƙanana a sama, ya zuba kuɗin maigida a inda ba su da aiki, ya bar inda ake bukata fayau.

Kuma bambancin ba kaɗan ba ne. A lissafin injiniyoyi, in tsawo ɗaya ne, nauyi ɗaya ne, ƙarfin da ke neman karya linta mai reto ya ninka na mai madogara biyu sau 4, saukowar da bakinta zai yi kuma ya kusa ninki 10. Ita kanta lintar, mai inci 9 faɗi da inci 9 tsayi, kowace mita ɗaya tana da nauyin kusan kilo 120, tun ba a ɗora mata sahun bulo da katakon rufi da kwano da silin ba. Shi ya sa sau da yawa inci 9 ba ya isa, sai an ƙara mata tsayi. Sannan rodin saman nan ba a bakin taga yake tsayawa ba. Dole ya shige cikin bango ya yi nisa, aƙalla tsawon abin da ya yi reto da rabinsa, zai fi kyau ma ya ninka, domin nauyin bangon baya ne yake danne shi. A daidai kwanar kuma rodin ɓangarorin biyu lanƙwasa su ake yi su shiga juna, ba a yanke kowanne a ajiye baki da baki ba. Ko rodi mai milimita 12 ne ko mai 16, guda nawa, zobe nawa a kowace mita, wannan ba aikin ƙiyasi ba ne, ba kuma aikin mai sharhi a rediyo irina ba ne. Aikin injiniya ne, ya rubuta a takarda, ya sa hannu.

Ko an sami takardar, ranar zuba kankare ake cin gida ko a faɗi. Ku je ku tsaya a bakin gini ranar da ake zuba linta, ku ga yadda abin yake. Lebura yana hawowa da kwanon sarki a ka, ya taka rodin sama don ya sami wurin tsayawa, rodin ya nutse zuwa tsakiya, kankare ya rufe shi, ba wanda zai sake ganin sa. Mai kwaɓa yana ƙara ruwa don cebur ya yi masa sauƙi. Buhun siminti guda da ya kamata ya ci kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa, sai a ja shi ya ci fiye da haka, a ce ai linta ce kawai. A lintar ƙofar banɗaki ana iya yin haka a kwana lafiya. A lintar kwana ba a yi. Maigida ko wakilinsa ya tsaya a wurin, ya ga rodin sama yana sama, da ɗan sarari kamar inci ɗaya tsakaninsa da fuskar kankare, ya ga an soka an girgiza kankaren ya zauna babu rami.

Sai maganar cire katako, wadda ita ta fi ba ni tsoro. Kankare yana samun wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, ba ya cika sai kwana 28, shi ma in ana ba shi ruwa safe da yamma. A rani, da iskar nan mai busar da leɓe, kankaren da ba a shayar ba ƙonewa yake yi. Amma kafinta yana da wani aikin a wata unguwa, katakonsa yake so. Kwana uku sai ka ji ya ce, "Oga, ya kama, bari mu kwance." Katakon gefe ana iya cirewa da wuri. Na ƙasa da sandunan da suka tokare bakin kwana kuwa, a bar su mako uku, in da hali huɗu, kuma kada a taɓa su sai an ɗora bulon da zai danne bayan lintar. In kuɗin hayar katako ne matsalar, maigida ya biya, ya fi masa arha.

Na taɓa shiga wani sabon gida da aka yi wa irin wannan taga a falo, ba a fi shekara da tarewa ba. Maigidan ya kama murfin tagar da hannu biyu yana ja, ta ƙi tafiya, sai ƙara take yi a kan layinta. A saman gilashin, daidai kwana, wata tsaga ta fito siririya ta gangaro. Daga waje kuma filasta ta buɗe a saman lintar, inda ta shiga bango, har ana iya sa bakin mukulli. Yana ta faɗa da mai alminiyum, yana cewa ya sa masa gilashi maras kyau. Gilashin ba shi da laifi. Linta ce ta sauko kaɗan ta zauna a kan firam, taga ta koma ɗaukar nauyin rufi. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin nan shekaru ya yi yana tara kuɗin gidan.

Daga nan akwai darasi ga masu haɗa taga: kada a matse firam da linta. A bar ɗan sarari a sama, wanda bai kai kaurin ɗan yatsa ba, a cike shi da roba ko silikon. Kankare yana ci gaba da saukowa a hankali har bayan shekaru, alminiyum kuma yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na yadda kankare yake yi. In ba su da wurin motsi, gilashi ne zai biya.

Wani abin da ya shafe mu musamman shi ne yadda muke gini kaɗan-kaɗan. Yau gida ne na ƙasa, bayan shekara goma yara sun girma, an sami buɗi, sai a ce a yaye kwano a zuba dakin a ɗora bene. Lintar da aka lissafa don ta ɗauki kwano ba za ta ɗauki bene ba, kwanar da ba ta da fila kuwa ba ta da hanyar sauke wannan sabon nauyi. Duk wanda yake da niyyar bene a ransa, ko da niyyar nesa ce, ya faɗa wa injiniya tun yau, ko kuma ya bar filarsa a inda take.

Mutanen Bauchi ba su manta da guguwar watan Yunin 2018 ba, wadda ta zo a cikin kwanakin ƙaramar Sallah, ta yaye rufin gidaje masu yawa, ta kayar da bangwaye da turakun wuta, aka rasa rayuka, har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo jaje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Iska irin wannan ba danna rufi take yi ba, tsotsar sa take yi sama, kuma a kusurwoyi da gefuna ta fi ƙarfi. Abin da ke riƙe rufi shi ne ɗaurin da aka yi wa katako da rodi ko langalanga a jikin linta, ita kuma linta fila ce take riƙe ta zuwa ƙasa. Kwanar da aka cire wa fila, an cire mata wannan igiya a daidai inda iska ta fi ja. Ga kuma gilashi mai faɗi: in ya fashe a tsakiyar hadari, iska ta cika ɗaki, sai ta tura silin da kwano daga ciki yayin da ta waje take ja. Saboda haka gilashin tagar kwana kada ya zama na milimita 4 da ake sa wa ƙananan tagogi. A nemi mai kauri, in da hali irin wanda aka gasa, wanda in ya fashe yake dagargajewa ƙanana maimakon ya zama wuƙaƙe. A tuna kuma shi gasasshen gilashi ba ya yankuwa bayan an gasa shi, don haka sai an gama filasta a auna, a aika da awo.

Mu koma kan rana, domin ko ginin ya tsaya daram, ita za ka zauna da ita kullum. Bauchi tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya. Rana tana bi ta tsakar kanmu sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta tana ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma tana kudu. Ta kowane hali, da tsakar rana tana sama sosai, don haka bangon arewa da na kudu suna da sauƙin karewa: kwano ya ɗan zarce, ko a yi wa taga 'yar rumfar kankare, inuwa ta sauka. Gabas da yamma su ne masu wuya, domin rana tana shigo su a kwance, ta ƙarƙashin kowace rumfa.

Ga inda tagar kwana take da nata halin. Fuska biyu gare ta. In gidanka ya daidaita da gabas da yamma, to ko wace kwana ka zaɓa, ɗaya daga cikin fuskokin nan gabas take kallo ko yamma. Ba yadda za ka kauce. Gilashi fari na yau da kullum yana barin fiye da kashi 80 cikin 100 na zafin ranar da ya same shi ya wuce ciki. Taga mai faɗin murabba'in mita biyu da ke kallon yamma, da la'asar a watan Afrilu, zafin da take zubawa a ɗaki yana iya kusantar kilowat ɗaya. Tayil ya sha, bango ya sha, kujeru su sha, da dare su riƙa amayar da shi lokacin da kake neman barci, wuta kuma ba kullum take nan ba balle a ce na'urar sanyaya ɗaki za ta yi maganin abin.

Shawarata a nan ita ce kada a yi fuskokin biyu daidai wa daida don kawai hoto ya nuna haka. A tsawaita wadda ke kallon arewa ko kudu, a gajarta ta gabas ko yamma, ƙafa biyu ma ta isa ta ba da wannan kyan na kwana. Ɗakin kwana kada a ba shi kwanar yamma. Gara gabas, ya sha ranar safe ya huce kafin dare. In tsarin fili ya tilasta yamma, to a sa baranda a gabanta, ko a fito da ɗan bango a tsaye a gefenta ya tare rana, ko a dasa darbejiya ko mangwaro, amma da 'yar tazara don saiwa kada ta shiga harsashi. Labule mai kauri yana rage haske, amma zafin ya riga ya shigo ɗaki kafin ya same shi. Inuwar waje ita ce magani.

Gabas ɗin ma tana da nata. Kowa ya san daga gabas hadari yake taso mana, da iska da feshi, shi ya sa a gidajen ƙasa bangon gabas ne yake fara zaizayewa, shi ake fara yi wa yaɓe. Hunturu kuma daga arewa maso gabas yake busowa da ƙurarsa, daga Nuwamba har Fabrairu. Kwanar arewa maso gabas ke nan ta haɗa ruwa da ƙura. Wanda ya sa tagarsa a nan ya kula da haɗin gilashi da gilashi, domin silikon ne kaɗai a tsakaninsu, kuma ranarmu tana cin silikon maras kyau cikin 'yan shekaru. A sayi wanda aka yi don waje, a kuma sa a rai cewa za a riƙa sabunta shi. Dandamalin ƙasan taga a yi shi da gangare zuwa waje, ya ɗan zarce bango, a tsaga masa siririn layi a ƙarƙashi don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin fenti ya yi baƙin zane. Ƙananan abubuwa ne, ba sa cin buhun siminti, amma sai an faɗa wa mai filasta.

Masu tallar tagar kwana sukan ce tana kawo iska ta fuska biyu. Gaskiya ne, amma iskar gajeriyar hanya take bi: ta shigo ta wannan murfi, ta fice ta wancan, ta bar sauran ɗakin a tsaye cik. In ana son iska ta ratsa inda gado yake ko inda ake zama, sai an yi wata taga ko ƙofa a ɗaya ƙarshen ɗakin. Iskar damina mai daɗi daga kudu maso yamma take zuwa, a ba ta mashiga da mafita. A kuma tuna taga mai turawa gefe rabinta kaɗai ke buɗewa, mai murfi irin na ƙofa ita ke buɗewa duka. Sau da yawa ma gilashin da ke daidai kwana kafaffe ne, ba ya buɗuwa sam. Ragar sauro kuma a yi tunaninta tun farko, kada a gama kashe kuɗi a zo ana buga katako a kan alminiyum.

Yanzu ga wadda a wurina ta fi duk waɗannan nauyi, wato haƙƙin maƙwabci. Filayenmu ba su da girma, da yawa ƙafa 50 ne da 100, wasu ma rabin haka, katanga tana jingine da katanga. Tagar kwana a bene tana kallon gida biyu ko uku a lokaci guda, kuma tsakar gida a wurinmu ita ce inda iyali suke sakewa, a yi girki, a yi wanki, a yi shanya. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan wannan. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Bauchi har gobe, an kawo buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabci a cikin misalan cutarwar da aka hana. Kafin ka buɗe, hau kan ginin ka tsaya daidai inda tagar za ta kasance, ka duba abin da idonka yake gani. In tsakar gidan wani ce, ka ɗaga gindin tagar ya wuce tsayin ido, ko ka sa gilashi mai hazo, ko ka mayar da ita kwanar da ke kallon titi. Zaman shekara talatin da maƙwabci ya fi ƙarfin taga.

Kai ma naka sirrin yana ciki. Gilashin nan mai kama da madubi da ake yayi, da rana ne yake ɓoye na ciki. Da dare, in ka kunna fitila, abin juyawa yake yi: na waje yana ganin ka tar, kai kuwa fuskarka kawai kake gani. Amare da yawa ba a gaya musu wannan ba.

Maganar ƙarfen tsaro gajeriya ce. Kusan ba mai kwana a gida yau ba tare da shi ba, kuma shi ma a kwana yana bukatar abin da zai kama. Mai walda zai tsayar da ƙarfe a daidai kusurwar ko ka so ko ka ƙi. To, tunda ƙarfe zai tsaya a wurin, me ya sa tun farko ba za a sa wanda zai ɗauki nauyin linta ba, a huta? Kuma a kowane ɗakin kwana a bar ɓangare ɗaya na ƙarfen mai buɗewa daga ciki, mukullinsa a rataye kusa inda kowa ya sani, saboda gobara. Allah ya kiyaye.

Kuɗi kuwa, kowa ya san tagar da ba ta cikin awon da aka saba, irin huɗu-huɗun nan da ake samu a shirye, sai an yi odar ta, kuma ta fi tsada. Ƙarin rodi, ƙarin siminti, gilashi mai kauri, sandar labule mai lanƙwasa, duk a lissafa su tun kafin a fara. A cikin lissafin nan kuɗin injiniya shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi aka fi gudu. Ba mu da uzuri a garin nan. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tana yaye injiniyoyi da masu zanen gini, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, ga ta Abubakar Tatari Ali. A nemi wanda yake da rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, a tambaye shi lambarsa, ba rashin kunya ba ne. Zanen da za a kai wa Hukumar Raya Birane ta jiha don amincewa ya kasance da tagar a cikinsa, kada a kai zane ɗaya a gina wani. Birkilan kirki kuma ba ya jin haushin takardar injiniya, domin ita ce za ta wanke shi in wani abu ya faru.

Wanda ya riga ya yi tagar, yana jin mu yanzu gabansa yana faɗuwa, ga abin da zai yi. Ya fita ya duba saman lintar, inda ta shiga bango ta kowane gefe. Ya gwada murafen, ya ji ko sun fara cijewa. In ya ga tsaga, ya ja layi da fensir a ƙarshenta, ya rubuta kwanan wata, ya dawo bayan mako biyu. Tsagar da ta tsaya a inda take, mai yiwuwa ta filasta ce. Wadda ta wuce layin, ko bakinta ya ƙara buɗewa, kada a shafe ta da siminti a yi fenti. A tokare kwanar da katako mai ƙarfi daga ciki, a janye gadon yara daga wurin, a kira injiniya. Sau da yawa gyaran bai wuce a cire gilashin kwana a kafa bututun ƙarfe a ƙarƙashin lintar ba, aikin 'yan kwanaki, kuma gara a yi shi da rani kafin hadarin farko ya taso.